Godiya Ga Masu Shagon Kayan Fatsa Na Kusa Da Tafkin Fork

Zuwa ga dattijo mai ƙaramin shagon kayan fatsa da ke kan hanyar tafkin Fork a gabashin jihar Teksas, da uwargidansa, da samarin da ke taya su aiki.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, na rubuto ne domin in gode muku a bainar jama'a, tunda Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Da Hausa na rubuta saboda 'yan uwana mazauna Dalas da kewaye su ji, musamman waɗanda suka fara ɗaukar yaransu zuwa bakin ruwa ranar Asabar. 'Yata ta yi alkawarin karanta muku da Turanci idan muka zo.

Abin da nake godiya a kansa zai iya ba wanda bai san harkar ba dariya, domin maganar tanar roba ce. Kifin bas mai faɗin baki shi ne wanda Amurkawa suka fi bi da sandar fatsa a tafkuna da koguna. Mafarauci ne, yakan laɓe a gindin kututture ko cikin ciyawar ruwa yana jiran abin da tsautsayi zai kawo masa. Akwai abubuwan yaudararsa iri-iri, amma babu mai sauƙin aiki ga sabon shiga kamar wata miƙaƙƙiyar tanar roba mai tsawon inci 5, ba jela ba ƙafa. Gary Yamamoto, wanda ya kafa kamfaninsa a garin Page na jihar Arizona, shi ya fito da ita a tsakiyar shekarun 1990, ya sa mata suna Senko, kuma daga jikin biron Bic ya ɗauko siffarta. Da aka ga yadda take kama kifi sai kowa ya yi tasa. YUM suka yi Dinger, Bass Pro Shops suka yi Stik-O, Strike King suka yi Ocho mai kusurwa takwas, wasu da yawa suka biyo baya. Ledar Senko guda 10 take ɗauka, kuma kuɗinta yakan ninka na wasu daga cikin waɗannan.

Ni kuwa da tunanin araha ba ta ado na shigo shagonku. Na jera ledojin mai tsada a kan kanta, Baba, sai ka dube su ka dube ni, ka tambaye ni a ina zan yi fatsar, daga gaɓa ko daga cikin jirgi, kuma da wa zan tafi. Da na ce daga gaɓa ne, ni da yara biyu, sai ka tura yawancin ledojin gefe, ka bar ɗaya, ka ɗauko na araha ka ɗora a kai. Ciniki ne ka rage wa kanka da hannunka, babu wanda ya roƙe ka.

Da iyakar abin ke nan ma da na gode. Amma ba ka tsaya ga faɗa da baki ba. Ka kai mu wurin tankin gilashin nan da ke ƙuryar shago, ka soke kowace tana a tsakiyarta da ƙugiya iri ɗaya, ka sake su tare. Senko ta fara nutsewa a kwance, kai da gindi suna karkarwa a hankali ba tare da an taɓa zaren ba, har ta kai ƙasa. Ta arahar ta biyo ta a baya, tana saukowa a sanyaye, motsinta bai kai na waccan ba. Sai ka ciro Senko ka murza ta tsakanin yatsu, gishiri ya fito fari-fari a jikinta, ka miƙa wa ɗana ya taɓa. Ka ce a nan kuɗin yake: gishirin da aka cusa a cikin robar shi ke ba ta nauyi, laushin robar kuma shi ke sa ta rawa. Amma shi wannan gishirin da laushin su ne ke sa ta saurin yagewa. Kifi ɗaya ko biyu, wani lokacin ta tafi ke nan. Ta arahar kuwa, da yake gishirinta bai kai ba kuma jikinta ya fi tauri, sai ta kama kifi da dama tana nan a jikin ƙugiya.

Gani ya kori ji. Abin da na yi ta karantawa da kallo a intanet bai warware mini ba, tankin nan ya warware shi cikin 'yan mintuna.

Bari in faɗa wa 'yan uwana abin da ka koya mini, domin ba daidai ba ne in riƙe shi ni kaɗai. Mai tsada tana cin kuɗinta ne a wuri guda: inda za a jefa ta ba tare da dalmar da ake sa wa zare don ƙara nauyi ba, a bar ta ta nutse da kanta. Ruwa garau, babu iska, kifin kuma ya saba ganin ƙugiya har ya yi wayo, kamar waɗanda ke zama a ƙarƙashin matsayar jiragen ruwa ko a gefen ciyawa bayan sun gama ƙwai a ƙarshen bazara. A irin wannan hali kifin yana da lokacin da zai tsaya ya ƙare wa abin kallo, kuma yawanci tun tana saukowa yake cafke ta. Wannan 'yar karkarwar ce ke yanke hukunci. Nauyinta kuma yana taimaka wa mai jifa daga gaɓa, domin tana zuwa nesa ko da iska tana busowa ta gaba.

Amma da zarar ka zura dalma a gaban ƙugiya, ka ɓoye tsinin a jikin robar irin ɗaurin da ake kira na Teksas, to labari ya canza. Yanzu dalmar ce ke jan tanar ƙasa da ka, ba ta samun damar yin rawar da aka biya kuɗi dominta. Kuma tafkin Fork cike yake da busassun itatuwa da aka bari a tsaye lokacin da aka tare ruwan a 1980. Duk wanda zai jefa ƙugiya cikin waɗannan rassan ya san zai bar wasu a can. Me zai sa ka ciyar da kututture da mai tsada? Haka idan ruwan sama ya dama tafkin ya yi jaja-jaja, kifin ba ya ganin bambancin da muke gani a tanki. Haka idan ƙananan kifaye suka yi yawa suna ta figar bakin tanar. Haka kuma idan yara ne ke riƙe da sanda, waɗanda rabin jifansu a kan bishiya yake ƙarewa. Ranar da kifi ke jin yunwa kuwa, ko me ka jefa zai ɗauka.

Na gwada wannan shawara a bakin ruwa, kuma ban same ka da ƙarya ba. Akwai wata safiya da ruwan ya kwanta lumui, ina hango kifin a inuwar katako. Ta araha ta wuce ta gabansa ya ƙi kulawa. Na canza zuwa Senko, kafin ta kai ƙasa na ga zaren ya fara tafiya gefe. Akwai kuma ranakun da yara suka fi ni kamu da Dinger ɗinsu, suka yi ta yi mini dariya har gida. Don haka ba na tare da masu cewa duk ɗaya ne, sunan kawai ake saye. Ba ɗaya ba ne. Ba na kuma tare da masu ganin in ba Senko ba to ba a fito fatsa ba. Yawancin wuraren da mu masu tsayawa a gaɓa muke jifa, ta araha ta wadatar, har wani lokacin saukowarta a hankali ya fi dacewa da ruwa mara zurfi, inda mai nauyi za ta yi saurin shigewa cikin gansakuka.

Sai maganar zoben roba. Wannan kam saurayin nan mai hular kaki ya nuna mini, kuma ina roƙon a isar masa da godiyata ta musamman. Ɗan ƙaramin zobe ne baƙi, da wani bututu da ake zura tanar a ciki, a gangaro da zoben ya zauna a tsakiyarta. Maimakon ƙugiya ta huda jikin tanar sai ta shiga ƙarƙashin zoben. Idan kifi ya kama yana girgiza kai, sau da yawa tanar sai ta zame sama a kan zare, ba ta yage ba. Kuɗin zobban bai taka kara ya karya ba, amma yana tsawaita kwanan kowace leda. Shi ne kuma ya hana ni zubar da waɗanda suka yage: wadda kanta ya lalace a gutsire wurin a sake sokewa, ko a juya ta ta ɗaya gefen, wadda ta rabu biyu kuma a ɗora rabin a kan ƙaramar ƙugiya mai kan dalma a ja ta a ƙasan ruwa. Ka duba fa, wanda abincinsa ke cikin sayar da tana shi ke koya wa mai saye yadda zai rage saye.

Uwargida kuma, Mama, ke kika cece ni daga ruɗewa a gaban bangon nan mai launuka kamar shagon atamfa a Kantin Kwari. Kika ce biyu sun ishi mai farawa: kore mai duhu da ɗigon baƙi, wanda a ledar Yamamoto yake da lamba 297, don ruwa mai haske, sai baƙi mai ɗigon shuɗi don ruwa mai dauɗa ko ranar da hadari ya rufe sama. Sauran, in ji ki, masunta suke kamawa. Ke ce kuma kika ware mini ledar tanonin kamfanin Z-Man a wata jaka daban, kika ja kunnena kada in haɗa irin robarsu ta ElaZtech da sauran a akwati ɗaya, domin idan suka haɗu narkewa suke yi su manne. Ita wannan robar ana iya miƙe ta kamar danƙo ba ta tsinke ba, amma sai a cikin ledarta ake ajiye ta. Da ba ki faɗa ba, da zafin Teksas na watan Agusta ya gama mini da akwati a bayan mota.

Baba, akwai labarin da kake yawan ba masu ganin tsadar kaya ce ke kama kifi, kuma ina so 'yan uwana su ji shi. Kifin bas mai faɗin baki mafi girma da aka taɓa kamawa a jihar Teksas daga wannan tafkin ya fito, a watan Janairun 1992. Barry St. Clair ya kama shi, nauyinsa laba 18.18, wato kilo 8 da ɗoriya. Mutumin ba ma bas ya fita nema ba, wani ƙaramin kifi na ci yake fatsa, kuma ɗan kifi mai rai ne a ƙugiyarsa. Shekara sama da talatin ke nan, da duk sababbin kayan da ake fitowa da su kowace shekara, babu wanda ya ture wannan.

Ku ne kuma kuka fahimtar da mu doka tun kafin mu ci karo da jami'an kula da namun daji. A shagonku na yanki lasisi, a nan kuma na ji cewa yaran da ba su kai shekara 17 ba ba sa buƙatarsa a Teksas. Kuka ba mu ma'auni, kuka bayyana cewa a tafkin Fork duk bas ɗin da tsawonsa ya faɗo tsakanin inci 16 zuwa 24 dole a mayar da shi ruwa. Ba zan ɓoye ba, wannan yana da wuyar haɗiya ga wanda ya tashi inda kifi in ya shiga hannu sai tukunya. Ka kama ƙato, ka ɗaga shi a ɗauki hoto, sannan ka sunkuya ka sake shi da hannunka! Da na aika hoton gida, tambayar farko da aka yi mini ita ce ina kifin. Amma waɗannan da ake saki su ne iyayen da ke cika tafkin, su ne kuma ke girma su zama irin wanda mutane ke tukowa daga jihohi masu nisa domin nema.

Haka nan bokitin da kuka ajiye a bakin ƙofa don tara yagaggun tanoni. Ka ce mana kifi yana haɗiye waɗanda aka yar a ruwa, robar ba ta narkewa a cikinsa, har takan kumbura ta hana shi cin abinci. Yanzu yarana da aljihu cike da guntayen roba suke dawowa daga bakin ruwa, uwarsu tana faɗa a wurin wanki.

Ƙorafi ɗaya nake da shi, shi ma na masoyi ne. A watan Maris da Afrilu, lokacin da kifin ke matsowa gaɓa don yin ƙwai kuma jama'a suka cika gari, koren nan mai duhu na araha yana ƙarewa tun kafin azahar ranar Asabar, zobban roba ma haka. Mu da muke tasowa daga Dalas da yara ba ma iya isowa da asuba. In da hali a ƙara yawan odar, ko a riƙa ɓoye mana 'yan ledoji a bayan kanta.

Ga 'yan uwana da ke shirin zuwa: ku tafi da tambayoyinku, ku faɗa musu gaskiyar inda za ku tsaya da abin da aljihu zai iya ɗauka, kuma ku ce a nuna muku tankin. Ku sayi leda ɗaya ta mai tsada don safiyar da ruwa ya kwanta, sauran ku cika da na araha.

Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya ƙara wa Baba da Mama lafiya da nisan kwana. A gaishe da samari duka.

Naku,
Abokin cinikinku daga Dalas, tare da iyalinsa