A daidaita sautin masallatai kafin a ƙara lasifika

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin kwamitocin masallatai da masu shirya tafsiri a nan Gombe. Da zarar jama'a sun koka cewa ba sa jin malam sosai, sai a yi karo-karo a sayo amfilifaya mafi ƙarfi, a ƙara lasifika a kan hasumiya, alhali sau da yawa ƙarfin da ake da shi ya wadatar, muryar mai magana ce take hawa da sauka babu abin da ke riƙe ta.

Malami yakan fara a hankali, idan ya zo inda zance ya yi zafi sai ya ɗaga murya, ya kuma matso da baki kan makirufo. Yaron da ke zaune gaban mikisa, wato na'urar da ake haɗa makirufo a cikinta ana daidaita sautinsu, kuwa ya riga ya murɗa sauti sama saboda mutanen sahun baya, don haka sai muryar ta fashe ta koma ƙara mai tsaga kunne. Irin wannan fashewar tana cikin abubuwan da ke ƙona siririyar wayar da ke cikin kan lasifika, shi ya sa ake yawan kai su wurin gyara bayan azumi.

Maganin wannan shi ne kwamfuresa ta sauti. Ana sa mata iyaka, duk muryar da ta haura sai ta danne ta gwargwadon yadda aka saita. Idan an sa ta a 4 bisa 1, muryar da ta wuce iyaka da desibel 8 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) za ta fita da ƙarin desibel 2 kacal, daga nan ana iya ɗaga sautin gaba ɗaya ta yadda maganar da aka yi a hankali za ta kai bakin ƙofa. Sai dai a ganina 2 ko 3 bisa 1 ya ishi karatun Alƙur'ani, domin idan aka matse shi da yawa taushin ƙira'a yakan ɓace, kuma makirufo ya fi saurin yin kuwwar nan mai fito da ke katse huɗuba. Limita kuma a ƙarshe ake sa ta, dab da amfilifaya, tana aiki daga 10 bisa 1 zuwa sama, ta hana kowane sauti tsallake layin da aka shata.

Na'urar toshe hayaniya ta fi buƙatar hankali. Tana rufe makirufo idan ba a magana, wanda ke da amfani ƙwarai a zaman tafsiri, inda makirufon mai jan baƙi yake buɗe yana kwasar ƙugin fanka da na janareta yayin da malam ke fassara. Amma idan aka ɗaga iyakarta fiye da kima, takan yanke ƙarshen aya a wurin da alaramma ya sassauta murya zai tsaya. Ba ta kuma gyara lalatacciyar waya, domin da an soma magana ƙugin zai dawo tare da muryar.

Waɗannan abubuwa uku suna cikin akwati guda kamar dbx 166, kuma mikisa ta zamani irin Behringer X32 tana ɗauke da kwamfuresa da matoshin hayaniya a kowane layi, sai dai a wurare da dama ba a kunna su. Akwai kuma batun lafiyar kunne, domin a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin sauti a wuraren taro ya wuce desibel 100, kuma tsofaffi da yaran da ke zama ƙarƙashin lasifika su ne suka fi shan wahala.

Injiniyoyin gidajen rediyonmu da waɗannan na'urori suke aiki kullum. Ina ba kwamitoci shawara su gayyaci ɗaya daga cikinsu kafin watan Ramadan, ya saita kayan yayin da malam da alaramma suke gwada murya, sannan ya koya wa matasa biyu na unguwa yadda za su kula da su.

Wassalam,
Mai gyaran kayan sauti,
Jekadafari, Gombe.