Yarona yana riƙe bayan gida, uwar mijina ta ce a kai mata shi ƙauye

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Don Allah a sakaya sunana da unguwarmu, domin dangin mijina ba sa wuce wannan fili.

Anti, raina a ɓace yake. Ranar Asabar aka yi sunan ƙanwar mijina a gidansu, yarona ya ɓata wandonsa a kan kafet ɗin falo, gaban baƙi. Kafin in fito daga kicin, ƙanen babansa ya sunkuce shi ya kai shi bakin shadda, ya tsugunar da shi da ƙarfi yana zabga masa wayar caja. Yaron da ko "ruwa" ba ya iya faɗa, sai dai ya ja hannuna zuwa randa. Matan gidan suna tsaye, ba wadda ta ce kanzil. Tun daga ranar bai sake yin bayan gida ba. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri, da ya hango buta a hannuna sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin gado.

Bari in koma baya don ki fahimta. Yana da galahanga, wato otizim. Ba ni na ƙirƙira ba kamar yadda suke faɗa, likitan yara ne a asibitin koyarwa ya tabbatar bayan an yi ta gwada jinsa an ga kunnensa ƙalau. Tun yana shekara biyu na lura ba ya waigowa in an kira sunansa, ba ya kallon ido, sai ya wuni yana jera murafen kwalba a layi, in ka taɓa ɗaya gidan ya kama da wuta. Hajiya, uwar mijina, ta ce shafar aljanu ce. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, ban taɓa hanawa ba, da kuɗin adashena ma na biya wani. Ni ban raina addu'a ba, kullum ina tofa masa. Amma ranar 2 ga Afrilu da ake ranar galahanga ta duniya na ji likita a rediyo yana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da wannan lalura. Na kunna wa babansa, ya ce in rage sauti yana waya.

Fitsari ba matsala sosai, na sha wahala har ya koyi yi a magudanar banɗaki. Kashi ne tashin hankalin. Idan ya matse shi, da kansa yake ɗauko Pampers ya miƙo mini, in na saka masa ya tafi bayan labulen ɗakina ya tsaya a tsaye ya yi, nan kaɗai a duniya. In na hana shi, sai ya riƙe. Za ki ga ya ɗage a kan yatsun ƙafa, ya harɗe cinyoyi, fuska ta yi ja, gumi na keto masa, har abin ya koma. Na sayi fo kala-kala, yana zuba murafensa a ciki. Masan zama da ke gidanmu kuwa ƙarar ruwan in an ja ce ke firgita shi. Ramin shadda ko kusa ba ya zuwa, da hunturu kuma ruwan tsarki in da sanyi sai mun yi kokawa.

Abin da ya faru a falon nan ma ba da gangan ba ne, kuma shi nake so ki faɗa a fili ko za su ji daga bakinki. Likita ta yi mini bayani cewa in yaro ya daɗe yana riƙewa, kashin yana taruwa ya bushe, hanjin ƙasa ya buɗe har ya daina jin alamar matsuwa, sai mai ruwa-ruwa ya riƙa zagayowa ta gefen mai taurin yana zubowa a wando, shi bai ma sani ba. Hajiya kuwa da ta ga haka cewa ta yi gudawa ce, a ba shi maganin tsayar da ciki. Ga abincinsa: farar shinkafa ba miya, Indomie, biskit. Gwanda, kankana, zogale, ko a hannu ba ya yarda su taɓa shi. An rubuta mana lactulose, maganin da ke sa kashi ya yi laushi, aka ce in riƙa zaunar da shi minti kaɗan bayan cin abinci, in sa masa ɗan kujera a ƙarƙashin ƙafa, in manna hotuna a bango daga cire wando har wanke hannu, kuma kada a taɓa dukansa a kan wannan. Wallahi na yi. Da hannuna na zana hotunan. Ya kai ga yana yarda ya shiga banɗaki da Pampers ɗin a jikinsa ya yi a can, likita ta ce babban ci gaba ne, mataki na gaba shi ne ya zauna a kan fo da shi. Duk wannan aiki aka rushe mini a wuni ɗaya.

Su cewa suke sangarta ce, wai ni 'yar boko na lalata shi da Pampers, ɗan faccalata da bai kai shi ba tuni yake tsarki da kansa. Yayarsa fa wa ya rene ta? Ba ni ba ce? Kafin yaye ta daina ɓata wando. Su ba sa wanke zanen gado da asuba, ba sa goge bango in ya shafa, ba su san sau nawa nake sake kaya kafin in yi salla ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Makaranta biyu sun ce sai ya iya kama ruwa za su karɓe shi, Islamiyya ma malamar ta ba ni haƙuri saboda najasa. Na manta ban faɗa ba, ya shiga shekara shida, ni kuma ina da tsohon ciki, tsugunno ma da ƙyar nake yi.

Yanzu Hajiya ta yanke hukunci wai a kai shi ƙauye wurin yayarta, can za a gyara shi kafin in haihu. Na san ma'anar gyaran nan. Babansa ba mugu ba ne, shi ke sayen magani, amma a gaban mahaifiyarsa ba ya ɗaga kai, kuma ya fara ƙorafin kuɗin Pampers. Da na ce ƙaninsa ya zo ya ga shatar da ya bar wa yaro a cinya, cewa ya yi in bar tone-tone, ai ɗansa ne shi ma.

Anti, ta yaya zan dawo da shi ya daina tsoron banɗaki? In mayar da shi bayan labule mu sake daga farko? Jiya da dare ya yi amai, ya ƙi cin komai, ban sani ba ko in jira ranar da aka ba mu ta ganin likita ko in ɗauke shi yau. Mahaifiyata ta ce in kwaso su mu taho gida kafin a zo ɗaukarsa ranar Juma'a, amma ina tsoron a ce na yi yaji, ya zama hujjar raba ni da shi gaba ɗaya. In na tafi ba da izinin babansa ba, ina da laifi a addini? Don Allah ki karanta wannan a shirin wannan makon.

Taku, mai sauraro daga Kano.