Saƙo ya isa, amma wa da wa suka gani a hanya?

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina roƙon a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni mai gyaran waya ne da cajin waya a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim, duk abin da ya shigo wayar mutanen garinmu kusan ta teburina yake bi, shi yasa nake ganin haƙƙi ne a kaina in yi magana.

Tun watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, aka kuma rufe a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sokoto da Kaduna, mutanenmu suka gane ashe sabis abu ne da za ka kwanta da shi ka tashi babu. Mu nan ba a rufe mana ba, amma ambaliyar 2022 ta ɗanɗana mana, ga ruwa ya yanke hanya ga netwok yana zuwa yana ɗaukewa, sai ka ga dattijo ya hau tudu yana ɗaga waya sama don ya ji ko 'yarsa da ke aure a wancan ƙauyen tana lafiya. To tun daga nan samari suka fara kawo mini zancen manhajojin nan da suke tura saƙo ba data ba sabis, waya zuwa waya ta Bluetooth ko Wi-Fi, kamar dai yadda ake turin finafinai da Xender, sai dai shi wannan saƙon yana tsallakawa ne daga wayar wannan zuwa ta wancan har ya kai ga mai shi. Babu turken kamfani a tsakani, kowace waya ita ce ɗan aike.

Abin yana da kyau wallahi, ni ma ina so. Amma duk wanda ya taɓa bayar da wasiƙa a tasha, direban Ringim ya miƙa wa na Gumel, na Gumel ya miƙa wa wani ɗan acaɓa, ya san isar saƙo daban, isarsa a rufe daban.

Wata Juma'a bayan an sakko masallaci muka gwada wata daga cikinsu, ba zan faɗi sunanta ba. Wayoyi 7 muka jera, daga shagona zuwa bakin rijiya zuwa rumfar mai shayi har ƙofar gidan mai unguwa, na rubuta gaisuwa, kafin ka ce kwabo ta faɗa wayar ƙarshe. Yara suka hau tafi. Ƙanina da yake karatun kwamfuta a jami'a, ya zo hutu, shi kaɗai ne bai yi tafi ba. Ya ce yaya ara mini wayar tsakiya, ta mai shayi. Ya jona ta da laftof ɗinsa ya buɗe bayanan da ta ajiye, ya juyo mini da fuskar. Rubutun saƙon kam a dagule yake ba ya karantuwa, amma ga sunan wanda ya aika, ga sunan wanda aka aika wa, ga lokaci har da minti. A wayar mai shayi fa, wanda saƙon ba nasa ba ne.

Malam Edita, a birni wataƙila a ce wannan ƙaramin abu ne. A ƙauye shi ne sirrin gaba ɗaya. Idan aka san matar wane ta tura wa malamar asibiti saƙo da ƙarfe 2 na dare, ba sai an karanta ba, gari ya ɗauka. Idan aka san wane ya tura wa dagaci ko 'yan sintiri saƙo ana gobe za a kama ɓarayin shanu, to an gama da shi, rai ake magana. Mu nan kowa ya san kowa, suna kaɗai ya isa.

Daga nan ne ƙanin nawa ya zaunar da ni ya nuna mini aikin da yake yi na kammala karatu, wata 'yar ƙaramar manhaja irin wannan da yake haɗawa, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina ba manhajar ba ce, gwajin ne. Ya ce irin namu na jera mutane a layi ba gwaji ba ne, sa'a ce, don sau ɗaya muka yi, kowa yana tsaye wuri ɗaya, kowa da cajinsa, kuma ba mugu a cikinmu. Shi a cikin laftof ɗaya yake ƙirƙirar wayoyin ƙarya guda 20, ya rubuta dokoki, kwamfuta ta dinga gwadawa da kanta ba hannun mutum. Zai sa wata kalma da ya sani a cikin saƙon, shi ƙuliƙuli yake sawa, ya aika daga waya ta 1 zuwa ta 20, sai kwamfutar ta bi sauran 18 ɗin ɗaya bayan ɗaya tana lalube, in ta tsinci ƙuliƙuli ko sunan mai aikawa a wajen wani ɗan tsakiya sai ta nuna ja, in ba ta gani ba kore. Sannan ta kashe wata waya ana tsakiyar tafiya kamar caji ya ƙare, ta ga ko saƙon zai nemi wata hanya. Ta duba ko ya iso sau biyu. Ta duba kar ya dinga zagaye tsakanin waya uku yana shanye batirin mutane, shi yasa ake sa masa adadin tsalle, in ya cika sai ya mutu. Sai kuma ta saka munafuki a ciki, wata waya da za ta ce ai ni ce wance ku ba ni saƙonta, a ga ko za a yarda da ita. Duk wannan cikin 'yan mintuna, kuma duk lokacin da ya taɓa ko layi ɗaya a rubutun manhajar sai an maimaita daga farko.

Da idona na ga amfaninsa. Wani dare muna zaune a shago janareta na aiki, ya yi wani gyara don saƙo ya daina ɓata idan hanya ta yanke, ya kunna gwaji, sai ga ja. Ashe gyaran da ya yi ya sa in manhajar ta rasa hanya sai ta watsa saƙon sirri ga kowa da ke kusa kamar sanarwar mai shela. Kuma saƙon yana isa fa, lafiya ƙalau, da da hannu ya gwada sai ya ce aiki ya yi kyau. Jikina ya yi sanyi, don na tuna wayoyi nawa na saka wa mutane abubuwa ban taɓa tambaya ba.

Kar a ce ai ɗalibi ne shi yasa. A 2019 masu zanga-zanga a Hong Kong sun rungumi wata manhaja irin wannan mai suna Bridgefy, a 2020 masu bincike daga Royal Holloway ta Jami'ar Landan suka nuna ana iya bin sawun masu amfani da ita, a karanta saƙonsu, a yi sojan gona da sunansu. Kamfanin ya ɗauko tsarin kulle saƙo na manhajar hira ta Signal ya saka, a 2022 aka sake nuna har yanzu da ɓaraka a yadda aka haɗa shi. A watan Yulin 2025 Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, ya fito da Bitchat mai aiki da Bluetooth, ba a jima ba wani mai bincike ya nuna ana iya yin sojan gona a ciki, har aka saka gargaɗin cewa masana tsaro na waje ba su tantance ta ba tukuna. Su kuwa mutanen Tor, wani tsarin ɓoye sawu a intanet, inda saƙo ke bi ta tasha uku kowace ta san wanda ya miƙo mata da wanda za ta miƙa wa kawai, suna da Chutney da suke kafa ƙaramin Tor na gwaji a kwamfuta ɗaya, akwai kuma Shadow da ake kwaikwayon babban netwok da shi. Briar ma, wata manhajar saƙo irin wannan, sai da kamfanin Cure53 na Jamus ya binciki rubutunta a 2017 kafin a sake ta sosai. Gaskiya ne kwamfuta abin da aka ce ta nema shi kaɗai take nema, sai mutum mai ido ya gano sabuwar ɓaraka, amma da zarar an gano sai a rubuta ta cikin gwaji don kar ta dawo ta bayan gida.

Roƙona ga malamanmu na kwamfuta a Dutse da Kafin Hausa da Wudil da BUK, don Allah in ɗalibi ya kawo irin wannan aikin kar a tsaya a nuna min ya aika ya isa, a ce ya nuna gwajin da ke tabbatar da ɗan tsakiya bai ga komai ba. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ma ta dubi wannan, tunda namu yaran sun fara ƙirƙira kuma mu ne za mu fara amfani. Su kuma 'yan uwana masu gyaran waya da masu turi, mu daina cinikin biri a sama da sirrin jama'a, dattijuwa ta miƙo maka waya ta ce ɗana saka mini abin nan, amana ce ta ba ka.

Ni dai na bi wayoyin nan 7 na goge waccan manhajar da muka gwada, na kuma gaya wa mai unguwa dalili. Duk wanda ya zo shagona yanzu ina ce masa in sanarwar ruwa ya taso ce ko cigiyar akuya, a yi amfani da manhajojin nan ba laifi, amma maganar asibiti da ta tsaro a taka a je a faɗa baki da baki tukuna.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku, mai gyaran waya,
daga ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa.