Murɗewar hanji ta haihuwa tana iya bayyana ga babba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu karatu kan wata cuta da ta kusa raba mu da yayana.

Shekara da shekaru yana fama da ciwon ciki bayan cin abinci, ana ta ba shi maganin olsa daga kemis, mu kuma a gida muna haɗa masa da jiƙo. Wani dare ya fara amai kore shar, cikinsa ya kumbura, bayan gida ya tsaya, muka garzaya asibiti. Hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, ya nuna hanjinsa ya murɗe.

Likitan tiyata ya bayyana mana cewa tun ɗan tayi yana wajen mako 10 hanji yake juyawa digiri 270 kafin ya zauna a mazauninsa, kuma idan juyawar ba ta kammala ba, yana iya murɗewa har jini ya daina isa gare shi. Galibi jarirai cutar take kamawa, shi ya sa ba a cika zarginta ga babba ba. An yi wa yayana tiyatar da likita William Ladd ya bayyana a 1936, yanzu ya koma shagonsa.

Don Allah ku gayyaci likitan tiyata ya yi bayanin aman kore a shafinku na lafiya.

Wassalam,
Mai karatunku daga Tudun Wada, Kaduna