Buɗe filin jirgi daban, dawowar jirage daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi wa 'yan kasuwarmu na Agege da Alaba Rago bayanin abin da annoba ke yi wa harkar jiragen sama, don har yanzu akwai masu ɗora laifin tsadar tikitin lokacin korona a kan ejan kaɗai.

Ranar 23 ga Maris 2020 aka rufe filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, Legas, ga jiragen ƙasashen waje, sai 5 ga Satumba aka buɗe. Jama'a suka ɗauka shi ke nan. Ina!

Mai zuwa Sin daga Legas yawanci sai ya yada zango a Dubai, Doha, Istanbul ko Addis Ababa. Waɗannan biranen tashoshi ne, inda ake tara fasinjojin garuruwa da yawa a cika jirgi guda. Idan Sin ta rufe ƙofarta, jirgin Legas zuwa Addis Ababa ya rasa duk masu wucewa zuwa Sin, ko da Habasha ba ta hana kowa shiga ba. Sai kamfani ya rage tashi daga kullum zuwa 'yan kwanaki a mako, kujeru su yi ƙaranci, kuɗi ya hau. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ce fasinjojin duniya sun faɗo daga biliyan 4.5 a 2019 zuwa biliyan 1.8 a 2020.

Kaya ma haka. Kusan rabin kayan da ake ɗauka ta sama a jirgin fasinja suke tafiya, cikin ma'ajiyar kaya da ke ƙarƙashin inda fasinjoji ke zama. Da fasinja ya tsaya, magani da kayan waya suka rasa wuri, har Ethiopian Airlines ta riƙa cire kujeru tana loda kwalaye.

Shi kuwa jirgi ba mota ba ce da za a rufa wa tamfol a tafi. Sai an toshe bakin injin, a riƙa tayar da shi lokaci-lokaci, a gusa jirgin don kada tayoyi su kwanta a gefe ɗaya, a zubar da ruwan da ke taruwa a tankin mai. A gaban jirgi akwai wani ɗan bututu mai auna gudu. Idan aka bar shi a buɗe, zanzaro na iya gina ɗakinsa a ciki, matuƙi ya taso yana karanta gudun ƙarya. Matuƙin ma, doka ta ce sai ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 kafin ya ɗauki fasinja. Wanda ya yi wata biyar a gida sai ya koma na'urar gwaji mai kwaikwayon tuƙin jirgi, a lokacin korona kuma da yawa daga cikin namu a waje suke yin ta, ga iyakoki a rufe.

Roƙona ga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, da FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama: su rubuta tsari tun yanzu na barin hanyar jiragen kaya a buɗe, da inda za a ajiye jirage a Ikeja, da inda matuƙa za su sabunta gwajinsu a cikin gida idan an sake rufe iyaka.

Wassalam,
Wani mai karatunku, Ikeja, Legas