Zuwa ga abokina a Kumasi, game da jikin ƙanwarka

Assalamu alaikum abokina,

Ina fatan kana lafiya da iyali, da su Hajiya. Saƙonka ya iso, na ji likitoci sun ce sikiloroderma ke damun ƙanwarka. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ka neme ni don ka san uwargidana ta daɗe da wannan ciwo. Magani likitoci za su faɗa muku. Ni abin da ke faruwa a zuciyar mai shi nake so ka sa wa ido.

A gurguje: garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita, sinadarin kolajin, wanda ke ba fata ƙarfi, ya taru fiye da ƙima, fata ta yi tauri, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke. Ya fi kama mata, galibi tsakanin shekara 30 zuwa 50. Ba a ɗaukarsa daga wani. Wannan ka nanata wa dangi har su gaji da ji, domin fatar baƙin mutum takan yi ɗigo-ɗigon fari kamar an barbaɗa gishiri, yatsu su lanƙwashe su yi gyambo, nan da nan sai a fara raɗa cewa kuturta ce. Ranar wani suna, wata baƙuwa ta janye hannunta daga kwanon da matata ke ci. Matata ba ta ce uffan ba, amma ta daɗe ba ta sake zuwa taro ba.

Haka damuwar ke shigowa, a hankali. Da hunturu, ruwan alwalar asuba kan sa yatsunta su koɗe, su yi shuɗi, sai zogi. Muciya ta gagare ta, ɗaura zani sai da taimako, baki ya tsuke har loma sai ƙarama. Ta daina duba madubi. Ga fargaba: tunda ta ji ciwon na iya taɓa huhu, ko tari ta yi sai gabanta ya faɗi. Ƙwannafi ya hana barci, rashin barci ya ƙara tunani.

Kada ka ɗauka raki ne. A 2007 masu bincike a Kanada sun tattara nazarce-nazarce, suka ga kashi 36 zuwa 65 cikin ɗari na masu ciwon suna da alamun ciwon damuwa. Mu kuwa da mun ce "a yi haƙuri" sai mu ga mun gama. Haƙuri ibada ne, ban musa ba, amma wadda ta daina cin abinci, take kuka ba dalili, tana buƙatar a zauna a saurare ta, sannan a faɗa wa likita. Akwai takardar tambayoyi tara ta auna damuwa da ake kira PHQ-9, cikin 'yan mintuna ake cikewa. Akwai masu ba da shawara, akwai magunguna irin su sataralin idan likita ya ga ya dace. In ka ji ta fara cewa gara ta mutu ta huta, kada a kwana ba a kai ta asibiti ba.

Ku tanadar mata ruwan ɗumi a fulas da safar hannu, a ɗaga wajen kan gadonta saboda ƙwannafi. Aikin da take iyawa ku bar mata abinta, kada tausayi ya sa ta ji ba ta da amfani a gidan. Kuma don Allah ban da sayen maganin firedinisolon a kemis, yawansa na iya jawo wa masu wannan ciwo matsalar ƙoda farat ɗaya. A riƙa auna hawan jininta.

Uwargida ta ce in ƙanwarka na so, a haɗa su a waya su yi hira. Ka gaishe da Hajiya da yara.

Naka,
Abokinka a Zariya