Wasiƙar makaranta zuwa ga iyaye: maganar sigarin lantarki da gasar busa hayaƙi

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara, ya gida ya ɗawainiya, ya haƙuri da yaran namu. Wasiƙar wannan karon magana ɗaya ce ta cinye ta, dan Allah a daure a karanta da kai, kar a miƙa wa yaro a ce ya karanto.

Tun farkon zangon nan malaman duti suke jin wani ƙamshi kamar na cingam ko lemon kwalba a bayan banɗakin 'yan siniya, da aka bi diddigi sai ga wasu 'yan abubuwa a jakunkuna, wani kamar maka ta rubutu, wani kamar filash, kala-kala masu kyau, da ɗan ramin caji irin na waya a ƙasa. Sigarin lantarki ce, su yaran vape suke ce mata ko shisha fen. Amma abin da ya fi ɗaga mana hankali bidiyon da muka gani a wayar ɗaya daga cikinsu, sun jeru a ɗaki kowa ya ja iya ƙarfinsa ya busa, ana ihu ana tafi, wanda hayaƙinsa ya fi cika ɗakin shi ne gwani, wani yana fitar da zobe-zobe da baki wani ta hanci, kuma fa ba maza kaɗai ba. Da muka zaunar da su amsar duk iri ɗaya ce, wai Malam ai ba taba ba ce, tururi ne kawai, wasa muke. Wallahi har zuciyarsu haka suka ɗauka, shi ya sa muka ga dole ku san yadda abin yake.

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera irin wannan sigarin a 2003, shi kansa mashayin taba ne yana neman hanyar dainawa. Daga baya a yammacin Amurka shagunan da ke sayar da ita suka mayar da busa hayaƙin gasa har da kyautar kuɗi, YouTube da Instagram suka yaɗa, TikTok kuma ta kawo shi har cikin ɗakunan 'ya'yanmu.

To ga inda matsalar take. A cikin abin akwai batir, akwai 'yar waya nannaɗe da auduga, akwai ruwa. Batir ya zafafa wayar, ruwan ya koma hayaƙi. Ruwan nan kuma ba ruwan sha ba ne, gilisarin ne da wani sinadari furofilin gilaikol da kayan ɗanɗano, yawanci da nikotin a ciki, wato sinadarin nan na taba da ke sa mutum ya kasa dainawa. Mai son hayaƙi ya yi yawa dole ya ƙara ƙarfin wuta, ya sa ruwa mai yawan gilisarin, sannan ya daina tsayar da shi a baki ya ja kai tsaye har ƙasan huhu ya cika ƙirji taf, wato duk girman hayaƙin da kuka ga yaro ya fitar to sai da ya ratsa huhunsa tukuna, kuma wanda ya ci gasar shi ne wanda ya fi kowa shaƙa. In wayar ta yi zafi da yawa ruwan na iya fitar da fomaldihaid, sinadarin da aka tabbatar yana jawo kansa, an kuma samu ɓurɓushin ƙarfe irin nikel da dalma a hayaƙin. Yaro mai asma kam abin ba sai an faɗa ba.

Manyan 'yan gasar can sukan rage nikotin saboda ba za su iya jurewa ba, amma namu yaran waɗanda ake sha a yar suke samu, su kuwa nikotin ɗinsu da ƙarfi yake, wasu har kashi 5 cikin 100. Ɗan ƙoƙon ruwa guda ɗaya na wata sigarin lantarki mai suna Juul da aka yi yayi a makarantun Amurka nikotin ɗinsa ya kai na karan sigari wajen 20. Ƙwaƙwalwar mutum kuma ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa yaro ya fi babba saurin kamuwa, ya fara da wasa, bayan 'yan watanni ya kasa zaman darasi ɗaya bai nemi izinin fita ba.

A 2019 wata cutar huhu ta ɓarke tsakanin masu shanta a Amurka, zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum 2,807, 68 sun rasu, akasarinsu ruwan da aka haɗa da man wiwi da wani sinadarin bitamin E suka saya a bayan fage. Yaron da ya karɓa a hannun aboki ya kai baki, ina ya san me aka ɗura a ciki? Batir ɗin ma yana fashewa, a 2018 ya kashe wani mutum a Fulorida. Indiya ta haramta ta gaba ɗaya a 2019, Birtaniya ta hana sayar da ta sha-ka-yar daga 1 ga Yunin 2025. Mu a nan dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 taba, amma mai talla a Instagram da zai aiko da ɗan acaɓa ba ya tambayar shekarun kowa.

Roƙonmu iyaye, ku leƙa jaka da aljihun yunifom lokaci-lokaci, ku lura da caja da ba ta kowace waya ba ce a gidan, ƙamshin alawa a ɗaki ba alawa, tari mara dalili, yawan shan ruwa saboda tana busar da maƙogwaro, da kuɗin tara da ke ƙarewa ba a ga me aka saya ba. Iyaye mata ku kuka fi kusa da ɗakunan nan. In kun samu dan Allah kar a fara da bulala, duka zai sa ya ƙara ɓoyewa ne, a zauna a tambaye shi wa ya ba shi, tun yaushe, yana iya kwana bai sha ba? In ba ya iyawa to maganar ta koma ta likita, a kai shi asibiti ba kunya.

Mu a ɓangarenmu duk wadda aka kama za mu ƙwace, mu kira mahaifi ko mai riƙo, ba za mu tona yaro a asambuli ba. Waɗanda abin ya shafa mun riga mun kira gidajensu. Za a ci gaba da maganar a taron iyaye da malamai mai zuwa, za mu ajiye waɗanda muka ƙwace a kan tebur kowa ya ɗauka ya duba da idonsa, sanarwar ranar za ta zo ta gurup ɗin WhatsApp na kowane aji. Mai son ganinmu kafin nan ofishin shugaban makaranta a buɗe yake bayan an tashi.

Wassalam,
Hukumar makaranta